Yadda ake raba saƙo ɗaya zuwa ƙofa takwas da aisin 74HC138

Duk shekara, da zarar lokacin aikin gwaji ya kama, sai wani ɗalibi ya shigo mini riƙe da allon gwajinsa, ƙwayayen fitila bakwai suna ci, ɗaya a mace. Kafin ma ya zauna ya fara: "Malam, mai shagon nan ya cuce ni, jabun aisi ya sayar mini." Aisi (IC) shi ne ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da ke ɗauke da haɗin lantarki a cikinsa. Akwai wanda sai da ya sayi uku a jere, kowanne ya nuna masa abu iri ɗaya, ya tattara su ya zuba cikin ledar da yake tara ƙonannun kaya. Da na sa ya zazzage ledar muka gwada, duk ukun lafiyarsu lau. Kuɗin abincinsa na kwanaki ne suka tafi, alhali gyaran bai fi na minti biyar ba. Abin ya tsaya mini a rai, kuma saboda irinsa nake wannan rubutu.

Dimaltifileksa, wadda muke gajartawa mu ce dimaks, aikinta guda ne. Saƙo zai shigo ta waya ɗaya, ita kuma ta fitar da shi ta ƙofar da ka zaɓa daga cikin ƙofofi da yawa. Wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san wannan aiki tun kafin ya ga aisi da idonsa: inji ɗaya, magudana ɗaya, fangali barkatai, mai ban-ruwa na tsaye da fartanya yana toshe bakin wannan yana buɗe na wancan. Fartanyar dimaks ita ce ƙafafun adireshi. Ƙafa 2 na iya zaɓa cikin ƙofa 4, ƙafa 3 cikin 8, ƙafa 4 cikin 16. Duk ƙafar da ka ƙara, ƙofofin sun ninka.

Amma kada ka bi misalin nan har ƙarshe, domin a nan yake yaudarar mutane. A fadama fangalin da aka zaɓa shi ne mai ruwa, sauran a bushe. A 74HC138, aisin dimaks mai ƙofa takwas da za mu yi aiki da shi, akasin haka ne: ƙofar da aka zaɓa ita ce ke sauka zuwa bolt sifili, sauran bakwai su zauna a kan bolt 5. Da sifili wannan aisi yake nuni. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Kayan da za ka tanada

Aisin 74HC138 mai ƙafa 16, irin wanda ake sokawa a allon gwaji. Ƙananan ƙwayayen LED guda takwas, jajaye. Rizisto na om 1,000 guda takwas, mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ja. Rizisto na om 10,000 guda huɗu, mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo. Ɗan kafasito wanda aka rubuta wa 104. Makunnai uku ko huɗu, wayoyin jamfa, da mita. In ba ka da mita, ka ara. Ba na yarda ɗalibi ya fara wannan aiki babu ita.

A kasuwa za a iya miƙo maka 74LS138 a ce ai duk ɗaya ne. Jerin ƙafafunsu ɗaya ne, aikinsu ma ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Na LS ba ya son wuta ta kauce wa bolt 5 da fiye da kwata, daga 4.75 zuwa 5.25 ke nan, shi kuwa HC yana aiki daga bolt 2 har 6. Ka nace a ba ka HC. Dangin 7400 ɗin nan, wato aisin da lambarsu ke farawa da 74, tsoho ne, tun shekarun 1960 kamfanin Texas Instruments ya fara fitar da shi a Amurka, kuma kamfanoni da yawa suna yin irinsa yanzu. Don haka haruffan da ke gaban lambar, SN ko MC ko wasu, kada su dame ka. HC138 ɗin kawai za ka duba.

Wuta kuma, tsohuwar cajar waya mai bolt 5 ta wadatar. Ka yanke kan kebul ɗin, ka fere jar waya da baƙa, ka auna da mita kafin ka jona, don wasu kebul ɗin launinsu ba abin dogaro ba ne. Batirin bolt 9 kai tsaye zai iya kashe aisin; in shi kaɗai gare ka, sai ka sa 7805, aisin da ke sauke wuta zuwa bolt 5, a tsakani. Fawa-bank ma na yi, musamman in an ɗauke wuta, sai dai yawancinsu in suka ji abin da aka jona ba ya jan wuta sosai sukan kashe kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Allon nan kuwa abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. In ka ga komai ya mutu gaba ɗaya bayan ɗan lokaci, fara duba fawa-bank ɗin kafin ka zargi aisi.

Mataki na farko: zaunar da aisin, ka ba shi wuta

Ka soka shi a kan ramin tsakiyar allo, ɗan gurbin da ke gefensa guda yana kallon hagunka. Ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa a hagu. Ka ƙirga zuwa dama har ta 8, ka hau sama ta 9, ka dawo hagu har ta 16. Ta 16 zuwa jan layi, wato layin gefen allo da ka jona wa wayar bolt 5, ta 8 zuwa baƙin layi, wanda ka jona wa wayar sifili. Kafasito 104 tsakanin layukan biyu, dab da aisin, ba can ƙarshen allo ba.

Abu biyu a nan. Wasu allunan layin wutarsu a yanke yake a tsakiya, rabin hagu bai haɗu da na dama ba, sai ka haɗa da jamfa. Sannan in lokacin hunturu ne, iska a bushe, ka taɓa wani ƙarfe babba kafin ka ɗauki aisin, kuma ka riƙe shi ta jikinsa. Wannan 'yar tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota a watan Janairu ta isa ta lalata aisin HC ba tare da ya nuna wata alama a ido ba.

Mataki na biyu: adireshi

Ƙafa ta 1 ita ce A, ta 2 B, ta 3 C. A ce ƙarama, darajarta 1, B darajarta 2, C darajarta 4. Kowacce ka ɗaure ta da baƙin layi ta rizisto om 10,000, sannan ka sa makunni tsakaninta da jan layi. In makunnin a buɗe yake, rizisto zai riƙe ƙafar a sifili. Ka rufe, ta haye ɗaya, wato bolt 5.

Kada ka bar rizistocin nan don tsimi. Ƙafar shiga ta aisin HC in ba a ɗaure ta da komai ba, ba sifili ba ce, ba kuma ɗaya ba ce, reto take yi. Na sha ganin ɗalibi ya kai hannu kusa da allo ƙwai ya sauya, ya janye ya koma, har wani ya ce mini allonsa na da aljanu. Jikinsa ne ya zama eriya. In kuma LS aka sayar maka kuma ba yadda za ka yi, ka juya tsarin: rizisto zuwa jan layi, makunni zuwa baƙi, domin om 10,000 ba ya iya sauke ƙafar LS zuwa sifili na gaskiya.

Mataki na uku: ƙafafun izini

Ƙafa ta 4, ta 5 da ta 6 su ne G2A, G2B da G1. Wasu kamfanonin E1, E2, E3 suke rubutawa a takardarsu, duk su ne. Sai ukun sun amince sannan aisin zai buɗe ko da ƙofa ɗaya. Ta 4 da ta 5 su kasance a sifili, ta 6 a ɗaya. Ko guda ta saɓa, duk ƙofofin takwas za su tsaya a bolt 5, kome kuwa ka murɗa a adireshi.

A yanzu ka kai ta 4 da ta 5 baƙin layi, ta 6 jan layi. Nan gaba za mu cire ɗaya mu mai da ita hanyar saƙo.

Mataki na huɗu: ƙwayaye, inda ake faɗuwa

Tukuna, kada ka soka ƙwai ko ɗaya. Ɗauko mita. Baƙin tsinkenta a baƙin layi, dukkan makunnai a buɗe, wato adireshi 000. Ka ɗora jan tsinken a ƙafa ta 15, wadda ita ce Y0. Za ka ga kusan sifili. Matsa zuwa ta 14, Y1: kusan bolt 5. Ta 13, Y2, haka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, 12, 11, 10, 9, wato Y3, Y4, Y5, Y6. Y7 ba ta cikin wannan sahu, ta sauko ƙasa ita kaɗai a ƙafa ta 7, maƙwabciyar ta 8. Mutane da yawa sukan ɗauka ta 9 ce ƙofar ƙarshe, su yi ta neman ta takwas. Bakwai a sama, ɗaya a ƙasa. Yanzu rufe makunnin A. Ta 15 za ta tashi zuwa bolt 5, ta 14 ta sauka. Ina so ka ga wannan da idonka a fuskar mita, domin abin da mutum ya auna da hannunsa ba ya mantawa.

To ga abin da ɗalibina mai aisi uku ya yi. Ya haɗa ƙwayayensa yadda aka koya masa tun darasin farko: doguwar ƙafar ƙwai a bakin aisi, gajeriyar ta bi rizisto zuwa baƙin layi. A irin wannan haɗi ƙwai na ci ne in ƙofa ta ba da bolt 5. Ƙofofi bakwai na kan bolt 5, sai bakwai suka kama. Ɗayan da ya mutu shi ne wanda aka zaɓa. Aisin yana ta nuna masa amsa daidai, shi kuma yana karantawa a juye. Da ya murɗa makunni ya lura da yadda duhun ke tafiya daga ƙwai zuwa ƙwai, da ya gane. Amma ransa ya riga ya ɓaci, ya cire waya.

Daidai ɗin shi ne ka juya su. Daga jan layi zuwa rizisto om 1,000, daga rizisto zuwa doguwar ƙafar ƙwai, gajeriyar ƙafar kuma a bakin aisi. Yanzu wuta na tasowa daga jan layi, ta ratsa ƙwai, ta shige cikin aisin ta ƙofar da ke sifili. Ƙofofin da ke kan bolt 5 ba su da inda za su karɓi wuta, tunda bolt 5 ne ta gaba, bolt 5 ta baya. Ƙwai ɗaya tak zai ci, kuma shi ne naka.

Ba wai kyan gani kaɗai ba ne. Mu yi lissafi. Jan ƙwai na cin kusan bolt 2, saura 3. In ka sa rizisto om 330, wanda kowa ke sawa, kowane ƙwai zai ja kusan miliamf 9 (miliamf ma'aunin yawan wutar da ake ja ne). A haɗin juye ƙwai bakwai ke ci lokaci guda, kuma duk ta ƙafa ta 16 wutarsu ke bi, jimilla wajen miliamf 60. Iyakar da takardar kamfani ta gindaya wa wannan ƙafa 50 ne. Ka ga wanda ya ce an sayar masa da mataccen aisi, in ya bar allon a kunne yana jiran Malam, shi da kansa yana iya kashe shi. Shi ya sa a ɗakina om 1,000 ne doka. Miliamf 3 ne kacal kowane ƙwai, hasken ya isa a gani a cikin ɗaki, kuma ko ka juya haɗin, 21 ne, aisin zai jira ka har ka gano kuskurenka.

Wanda aljihunsa ya yi sanyi, ga hanya: tunda ƙwai ɗaya ne ke ci a kowane lokaci, rizisto ɗaya ya isa. Ka tara dogayen ƙafafun takwas a layi guda, ka kai su jan layi ta rizisto guda. Yana aiki sarai. Ni dai na fi son kowane ƙwai da nasa a karon farko, don in ɗaya ya ƙi ci ka san inda za ka nufa.

Me ya sa aka ƙera shi haka? Ba mugunta ba ce. A cikinsa kowace ƙofa wani ɗan haɗi da ake kira get ɗin NAND ne ke tsaronta, shi kuwa NAND ba ya ba da sifili sai duk abin da ke shiga cikinsa ɗaya ne. Ɗauki Y5. An kai mata C kai tsaye, an kai mata A kai tsaye, an juya B sannan aka kai mata, an kuma kai mata izini. Sai C ɗaya ce, B sifili, A ɗaya, wato 101, lamba 5, sannan komai zai cika ta sauka. A kowane adireshi get ɗaya ne kawai sharaɗinsa ke cika. Dalilin zaɓar sifili kuma biyu ne. Tsofaffin aisin TTL, wato irin su LS, sun fi iya haɗiye wuta a kan fitar da ita: 74LS138 na haɗiye miliamf 8, amma abin da yake iya fitarwa 0.4 ne. Na biyu, ainihin aikin da aka yi shi dominsa shi ne zaɓar aisin ma'adanar bayanai da makamantansu a cikin kwamfuta, su kuma galibinsu da sifili ake tashinsu. Furosesa zai faɗi adireshi, 138 ya sauke ƙafar zaɓi ta aisi ɗaya, sauran su yi shiru. In ka taɓa buɗe tsohuwar kwamfuta ta shekarun 1980, sau da yawa za ka ga 138 a jikin allonta.

In kuwa aikinka dole sai wadda aka zaɓa ta ba da ɗaya, akwai 74HC238. Ƙafafu iri ɗaya, sai dai ƙofofinsa a miƙe suke. Samunsa a kasuwa ne ba kullum ba.

Mataki na biyar: gwada adireshi, amma da lura

Ka bi daga 000 zuwa 111, ƙwai ya yi tafiya daga Y0 zuwa Y7. Ga wani tarko. In ka musanya A da C, lambobi huɗu ba za su tona ka ba: 000, 010, 101 da 111, domin ta gaba da ta baya duk ɗaya suke karantuwa. Ɗalibai kuwa su suke fara gwadawa, su ce Malam ya yi. Ka rufe A kaɗai. In ƙwan Y1 ya kama, madalla. In na Y4 ne, ka musanya wayoyin ƙafa ta 1 da ta 3. Sai ka tabbatar da A da B tare, ya ba ka Y3, ba Y6 ba.

Mataki na shida: shigar da saƙo

Duk abin da muka yi zuwa yanzu aikin dikoda ne, lamba ta shiga, ƙofa ta buɗe. Ka duba ƙafafun nan 16, ba za ka ga wadda aka rubuta wa "saƙo" ba. Ɗaya daga cikin ƙafafun izini ce ake mayarwa mashigar saƙo, kuma wannan ne ke mai da dikoda dimaks. Hanya biyu ce, kuma ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba.

Ta farko, ka cire ƙafa ta 4 daga baƙin layi, ka ba ta makunni da rizistonta kamar na adireshi. Saƙo sifili, izini ya cika, ƙofar da ka zaɓa ta sauka sifili. Saƙo ɗaya, izini ya ɓaci, ta haye ɗaya. Abin da ya shiga shi ne ya fito, ba juyi.

Ta biyu, ka mai da ta 4 inda take, ka shigar da saƙon ta ƙafa ta 6. Saƙo ɗaya, ƙofa ta sauka sifili. Saƙo sifili, ta haye. A juye yake fitowa.

Ido zai ruɗe ka a nan, saboda ƙwayayenmu da sifili suke ci. A hanya ta biyu, ka danna makunni ƙwai ya kama, ka saki ya mutu, sai ka ji daɗi ka ce wannan ce daidai. Ranar da ka cire ƙwan ka jona wani aisi a wurin, sai ka tarar komai a juye yake isa. Saboda haka ka tambayi kanka wa zai karɓi saƙon. In idon mutum ne ta hanyar ƙwai, ƙafa ta 6. In wani aisi ne, ƙafa ta 4. Ni kullum ta 4 nake sa wa saƙo, in bar ta 6 don wani amfani da zan faɗa nan gaba.

Ka kuma lura da wannan: lokacin da saƙon yake ɗaya, ƙofar da aka zaɓa da waɗanda ba a zaɓa ba duk kamanninsu guda, takwas ɗin na kan bolt 5. Mai karɓa ba shi da yadda zai bambance "an aiko mini ɗaya" da "ba a zaɓe ni ba". Shi ya sa aisin ya fi dacewa da saƙon da hutunsa ɗaya ne, motsinsa sifili.

In danna makunni ya gundure ka, ka haɗa aisin 555, mai fitar da bugun wuta, ya riƙa bugawa da kansa. Om 10,000 daga jan layi zuwa ƙafarsa ta 7, om 68,000 daga ta 7 zuwa ta 6, ta 6 a haɗe da ta 2, kafasito maikrofarad 10 daga nan zuwa baƙin layi, ta 4 da ta 8 a jan layi, ta 1 a baƙi. Ƙafarsa ta 3 za ta ba ka kusan bugu ɗaya a daƙiƙa. Kai ta ƙafa ta 4 ta 138, ka murɗa adireshi, ka ga ƙiftawar tana ƙaura daga ƙwai zuwa ƙwai. Wannan shi ne dimaks tana aikinta. Irin wannan dabara ce, da sauri ninkin ba ninki, ke raba hirarraki a layin kamfanonin tarho da ake kira E1: waya ɗaya tana ɗauke da gurbi 32, a can ƙarshe a riƙa juya adireshi kowane gurbi ya faɗa layinsa.

Sauya adireshi ba tare da ɓarin saƙo ba

Ka tashi daga 3 zuwa 4 da hannu, a hankali. Daga 011 zuwa 100 ke nan, duk makunnai ukun sai sun motsa. Ka buɗe A, ƙwan Y2 ya kama. Ka buɗe B, na Y0 ya kama. Sai da ka rufe C sannan ka isa Y4. Ƙofa biyu da ba ruwansu sun sha saƙo a hanya. In ɗan allon kwamfuta irin Arduino ne ke sauyawa ƙafa bayan ƙafa, haka ɗin ke faruwa, sai dai cikin ɗan lokacin da ido ba ya gani. Aisin ƙirga ko na ajiya da ke bakin Y2 kuwa zai gani, ya kuma ƙirga. Maganin shi ne ƙafa ta 6 da muka ajiye: ka sauke ta sifili, ka sauya adireshin, ka mai da ita ɗaya. Mai ban-ruwa ma in yana gudun ɓarna, yakan datse magudana kafin ya sauya baki.

Daga takwas zuwa goma sha shida

Aisi biyu, ba ƙari. A, B da C na biyun a haɗe. Adireshi na huɗu, D, ka kai shi ƙafa ta 4 ta aisin farko da ƙafa ta 6 ta na biyu. Ta 6 ta farko a jan layi, ta 4 ta biyu a baƙi. Saƙo ya shiga ta ƙafa ta 5 ta dukkansu. D sifili na farko ke aiki, D ɗaya na biyu. Amfanin ƙafafun izini uku masu hali daban-daban ke nan. Akwai 74HC154 mai ƙofa 16 a jiki ɗaya, amma ƙafa 24 gare shi, kuma 138 biyu sun fi sauƙin samu. In ƙofa huɗu kawai kake so, 74HC139 na ɗauke da ƙananan dimaks biyu.

Abin da ba zai yi maka ba

Ba shi da ajiya. Ka bar Y2 ka koma Y5, Y2 ta manta da kai nan take. Mai son kunna fitilu takwas kowacce ta zauna yadda ya bar ta, 74HC259 zai nema. Kada kuma ka jona rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, kai tsaye a ƙofarsa, sai da tiransisto, ko irin allon rile ɗin nan da ake sayarwa a haɗe, wanda da yawansu da sifili suke tashi, sun dace da shi.

Sauti ko awon sensa kuma ba sa ratsa shi, sifili da ɗaya kaɗai ya sani. Wannan aikin 74HC4051 ne, wanda makunni ne na gaske a ciki, saƙo na bi ta kowane ɓangare, kuma ƙofofin da ba a zaɓa ba a sake suke, ba a kan bolt 5 ba. Kada ka cire 138 ka soka shi a gurbinsa, jerin ƙafafunsu daban ne: adireshinsa na ƙafa ta 11, 10 da 9, saƙo na shiga ta 3, izini a ta 6 kuma da sifili yake buɗewa. Ƙafarsa ta 7 ba ƙofa ba ce, in wutar bolt 5 ɗaya kake amfani da ita ka haɗa ta da ta 8 zuwa baƙin layi.